Wutar Katsina ba daga Lambar Rimi za ta zo ba

Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan Katsina aka ƙudurta samar da megawat 10 na wutar lantarki daga iska a Lambar Rimi. Gwamnatin tarayya ta karɓi aikin, kamfanin Vergnet na Faransa ya kawo fankoki 37, sai a Disambar 2012 aka sace injiniyansu a Rimi, aiki ya tsaya cak. A 2016 kuma aka ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 su gina manyan tashoshin sola a ƙasar nan, har da mai megawat 75 a Kankiya. Taƙaddamar farashi da rashin lamunin gwamnati suka cinye su.

Shi ya sa duk mai cewa wani katafaren aiki ɗaya ne zai mayar da Katsina cibiyar makamashi, ina saurarensa da kunne ɗaya. Abin da zai yi tsiro ya riga ya fara, kuma daga ƙasa. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya sa janareta ya fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a. Duhun da Arewa ta kwana a ciki fiye da mako a Oktoban 2024 ya ƙarasa sauran. Yau mai cajin waya ya kafe farantin sola biyu a kan rumfarsa, mai ƙanƙara na tarin kuɗin batir, manomin rani a Jibiya ko Sabke na lissafin famfon sola da jarkar man da yake ƙonawa kullum.

Sai dai faranti, inbata da batir kusan duk daga China suke, dala ke yanka farashinsu. Rabonmu shi ne haɗawa da gyara, kuma nan muke da rauni. Ƙurar hunturu na lulluɓe faranti ƙarfinsa ya ragu, zafin Afrilu na gajiyar da batir, ga yaron da ya koyi aikin a wata biyu yana ɗaura siririyar waya inda ake buƙatar mai kauri. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman da takwararta ta Daura ya kamata su riƙe wannan fanni da gaske.

Manyan masana'antu masu cin wuta kuwa, bututun gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) a Kano ya tuƙe, can za su fi karkata. Kada mu ɓata kuɗi wajen gasa da su.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Jiha ta tara masu casar shinkafa, masu walda da masu niƙa wuri guda a Funtuwa, Katsina da Daura, ta ba 'yan kasuwa lasisin kafa musu ƙaramar tashar sola da mita. Mai zuba jari ba rana yake nema ba, tana ko'ina. Mai saye yake nema da zai biya ƙarshen wata, da hanyar da injiniyansa zai bi ya dawo lafiya.