Dora wa dan shekara 12 bindigar kato ba koyar da jarumta ba ne

Tun jiya maganar nan take cina a rai, bari dai in rubuta ko na huta. Mun je filin gwajin harbi da ke bayan garinmu nan jihar Wiskonsin ta Amurka ni da yarona, saboda lokacin farautar barewa da bindiga ya matso, kwana tara ne kacal ake yi, ana farawa ranar Asabar din da ke gaban bikin godiyarsu na watan Nuwamba, to kowa ya fito yana saita madubin hangen nesa na bindigarsa. A teburin kusa da mu wani mutum ne da dansa, yaron ba zai wuce 12 ba, siriri kamar sillen kara, uban ya mika masa babbar bindigar farauta .30-06 da cikakken harsashi irin na manya. Harbin farko bindigar ta tokare shi ya yi baya, bakin madubin ya sare shi a gira har jini ya dan tsattsafo, uban kuma sai dariya yake wai shi ma haka ya koya. Harbi na biyu na zuba wa yaron ido. Wallahi tun kafin ya ja kunamar ya riga ya runtse ido ya makale kafada, bakin bindigar ya sunkuya, kura ce kawai ta tashi can gaban allon.

Yarona ya matso kusa da kunnena ya ce, Abba tsoronta yake ji ko? Na ce masa ba laifinsa ba ne.

Abin da mutane basu ganewa shi ne jiki yana da nasa wayon. In abu ya buge ka sau biyu sau uku, na hudu jikin zai kare kansa ko ka so ko baka so, kuma wannan zaburar in ta kama yaro sai a shekara ana fama ba ta sake shi ba, akwai manya masu furfura da har yau suke dauke da ita. Ranar da barewa ta tsaya a gabansa kuma wa zai biya kudin? Dabbar. Maimakon harsashi ya shiga bayan kafada inda huhu da zuciya suke, sai ya samu ciki ko cinya, ta gudu cikin daji ta kwana tana wahala, wani lokacin ma ba za a ganta ba. Mu da muke yin bisimilla kafin mu saki harbi, in mun same ta da sauran rai mu yanka, hakkin dabba ba abin wasa ba ne a wurinmu.

Tokarin bindiga lissafi ne ba sihiri ba. Nauyin dalmar da ke fita, gudun da take fita da shi, da yawan albarushin da ya kone, su ne suke turo bindiga baya, nauyin ita bindigar kuma shi yake shanye wani abu daga ciki. Shi ya sa nake mamakin iyayen da suke sayo wa yaro bindiga shafal mara nauyi wai don kar ya gaji da dauka, sannan su cusa mata harsashi mai nauyi, ai wannan ka hada masa jaki ne mai harbi. A bindigogi masu nauyi kusan daya, .243 Winchester da dalma mai giren 100 (giren shi ne ma'aunin nauyin dalma) tokarinta bai kai rabin na .30-06 mai giren 180 ba. Ita .243 din tun 1955 take kasuwa, kwanson harsashin .308, wato gidan da albarushi yake zama, aka matse wa wuya aka yi ta, kuma Allah kadai ya san yawan barewar da yara suka kayar da ita. Akwai 7mm-08 Remington ta 1980, ni ita na fi so ma, sai 6.5 Creedmoor da Hornady suka fito da ita wadda yanzu kowa yake yayinta kamar sabon shadda. A jihohi irin su Ohayo da ake bukatar kwanso mikakke mara wuya, .350 Legend da Winchester suka kawo a 2019 ita ma lafiya lau ce ga yaro.

To amma ba kowa ke da kudin sabuwar bindiga ba, kuma a nan ne dura harsashi da hannu, wato ka hada harsashinka da kanka a gida, yake da dadi. Makwabcina wani dattijon bature ne da ya yi ritaya, shi ya koya min, a dakin kasa na gidansa yake da teburinsa, da matsi, da dan sikeli mai auna albarushi kwaya kwaya, da littattafan awon dura harsashi na kamfanonin Lyman da Hornady duk sun sha hannu sun yi baki. Ranar farko da na ga yana aikin sai na tuna maharban garinmu da bindigar toka, a zuba albarushi a tura tsumma a danna da sanda, ai mu ma dura muka gada, bambancin kawai su nan komai da awo yake, mu kuwa da tafin hannu da tawakkali, shi ya sa kusan kowane kauye akwai labarin wanda bindiga ta fashe masa a hannu. Ita .308 dina da nake farauta da ita, dattijon ya ce ba sai na sayi wata ba, muka sauke dalma daga giren 165 zuwa 125, muka bi awon rage karfi da kamfanin Hodgdon da kansu suka wallafa na albarushinsu H4895, sai ga bindigar ta yi laushi kamar ba ita ba. In yaron ya kara girma a kara masa kadan kadan har ya kai cikakke, bindiga daya ce za ta raka shi.

Nan fa zan ja kunne da karfi, dan Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya ce bari kawai in rage albarushi da ka. Ba kowane albarushi ake ragewa ba. Masu ci a hankali irin na manyan harsasai masu karfi da ake ce wa magnum in ka rage su kasa da abin da littafi ya ce, konewarsu ba ta da tabbas, ko dalma ta makale a cikin bututu ka sake harba wata a bayanta, shi ke nan. Masu saurin ci kuma dan kadan suke cika a kwanso, mutum zai iya zuba biyu bai lura ba. Abin da ba a rubuce yake a littafin masu albarushin ba, ba da dan mutum ake gwada shi ba. Wanda bashi da malami a kusa gara ya sayi na kamfani, Remington suna da Managed-Recoil, Hornady suna da Custom Lite, an riga an yi maka aikin.

Daya bangaren da nake sabawa da wasu abokaina shi ne masu ragewa har abin ya zama wasa. Dalmar farauta an kera ta ne ta bude kamar fure in ta shiga nama, kuma sai da gudu take budewa, yawancinsu suna son kamar kafa 1,800 a dakika a lokacin da suka sauka a jikin dabba, na zallan tagulla ma sun fi son gudu fiye da haka, abin lura ne ga mutanen Kalifoniya da aka hana su farauta da harsashin da aka kera da karfen dalma tun Yulin 2019. In ka sassauta gudu sannan ka dauko dalma mai tauri da aka yi don manyan namun dawa, huda kawai za ta yi ta wuce kamar allura. Don haka harsashin da aka rage wa karfi yana tafiya ne da dalma mai saurin budewa da kuma tazara gajere. Ni na yanke wa nawa yadi 150, ko kahonta ya kai rassan kuka in ta wuce haka kallo za mu yi. Kuma barewa nake nufi, in maganar elk ce, katuwar barewar nan ta duwatsun Kolorado, wannan wani zance ne daban, ni dai ba zan kai dan 12 can ba tukuna.

Sauran kananan abubuwa ne amma su ma suna cizo. Gindin bindigar manya ya yi wa yaro tsawo, sai ya mike wuya ya kai ido kusa da madubi, abin da ya faru da yaron jiya kenan, a sa gajere da roba mai taushi. Kunne kuma a toshe shi biyu, na ciki da na waje, domin rabin tsoron kara ce ba duka ba. Muna yin atisaye da karamar bindiga .22 sosai, arha ce kuma bata tokari, wani lokaci in dura masa bindigar da kaina in sa kwanson wofi a ciki bai sani ba, in ya ja kunama ta ce kyas bakin bindigar bai motsa ba to na san muna kan hanya. In ka canza harsashi kuma sai ka sake saiti, inda mai nauyi yake sauka ba nan mara nauyi zai sauka ba.

Dokar jihar nan tun 2017 ta cire mafi karancin shekaru ga yaron da ke farauta tare da babba, sharadin dai babban ya kasance kusa da shi inda hannu zai kai. Ni a ganina wannan ya kara dora nauyin ne a wuyan iyaye, tunda hukuma ta ce kai ka san danka. Jiya kafin mu tashi nawa ya harba uku a yadi 100, duka ukun tafin hannuna ya rufe su, ya cire takardar ya nade wai zai kai wa Ummansa. Mutumin can kuma muna hada kaya na ji yana ce wa dansa saura biyar a kwalin, sai ya karar da su za su tafi gida.