Wayar tallafi da adireshin matar da ta guje wa duka a Amurka

A Amurka akwai wani shiri na gwamnatin tarayya mai suna Lifeline, wanda yake rage wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin waya ko na intanet a kowane wata, kuma daga cikin abubuwan da takardar neman shiga take tambaya, bayan suna da ranar haihuwa da lambobi huɗu na ƙarshen lambar Social Security (lambar shaida da gwamnatin tarayya take ba mutum), akwai adireshin inda mutum yake kwana. Yawancin masu nema suna rubuta shi ba tare da wani tunani ba. Amma matar da ta kwashi 'ya'yanta ta bar gidan mijin da yake dukanta, wannan layi guda na takardar shi ne abin da ya fi komai tsada a wurinta, domin rashin sanin inda take ne kawai ya tsaya tsakaninta da shi. Ra'ayina shi ne duk tallafin da sai mutum ya tona maɓoyarsa kafin ya same shi bai cika tallafi ba, kuma mu Hausawa mazauna nan muna da namu kason na gyara a wannan magana. Akwai maza ma da ake cin zarafinsu, kuma dokokin da zan ambata sun haɗa da su, sai dai mata ne suka fi yawa a cikin waɗanda abin ya shafa.

An kafa Lifeline a 1985, zamanin Shugaba Reagan, lokacin da wayar tangaraho ta cikin gida ce kawai ake magana a kai, daga baya aka shigar da wayar salula, sannan a 2016 aka ƙara intanet. Hukumar sadarwa ta FCC ce take kafa ƙa'idoji, wani kamfani mai suna USAC kuma yake tafiyar da aikin. Rangwamen bai wuce dala 9.25 a wata ba, ko da yake yana kaiwa dala 34.25 a yankunan ƙabilun 'yan asalin ƙasar, kuma ana ba wanda kuɗin shigarsa bai haura kashi 135 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba, ko wanda yake cikin shirin abinci na SNAP ko na lafiya na Medicaid. Kuɗin kaɗan ne, amma kamfanoni da dama suna haɗa shi da layi na kyauta, kuma a ƙasar da lauya da asibiti da makarantar yara da mai ɗaukar aiki duk ta waya suke neman mutum, wanda ba shi da layi ya fita daga lissafi.

Gwamnati tana da dalilinta na neman adireshi, kuma ba zan raina shi ba. Ƙa'idar ita ce gida ɗaya tallafi ɗaya, kuma bayan an gano mutane suna karɓar layi biyu ko uku, FCC ta yi gyara a 2012, ta kafa rumbun bayanai na ƙasa baki ɗaya wanda yake kama adireshin da ya maimaitu. Shi ya sa takardar take gargaɗi cewa kada a rubuta akwatin gidan waya a gurbin adireshin gida. An tsara wannan ne don mai ha'inci, ba a tuna da mai gudu ba.

A nan ne bambancin da ke tsakanin gida da ƙasar nan ya fi fitowa fili. A Kano ko Zariya ko Maraɗi, idan zama ya yi tsami mace ta yi yaji, kowa ya san gidan iyayenta ta tafi, shi ma mijin ya sani, kuma ba wanda yake ƙoƙarin ɓoyewa. Abin da yake kare ta shi ne zauren gidan da mahaifinta ko yayanta yake zaune a ciki, da kunyar surukai, da sanin cewa mai zuwa biko sai ya yi sallama, ya durƙusa, ya saurari faɗa. Ba na cewa wannan tsari ba shi da aibu, don sau da yawa ana cewa "ki yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne," a mayar da ita ɗakin da ta fito da kumburarren ido. Duk da haka kariyarta a can mutane ne. Matar da aka kawo unguwar Bronx ta birnin New York a kan aure, wadda mahaifinta yake Agadas ko Kumasi, ba ta da zaure, ba ta da yaya a ƙofar gida, kuma wani lokacin takardun zamanta ma a hannun mijin suke. Sirrin inda take shi ne ya maye mata gurbin dangi gaba ɗaya.

Amurkawa sun gane haka tun da daɗewa, saboda su ma da yawa daga cikinsu ba kusa da dangi suke zaune ba. Jihar Washington ce ta fara kafa shirin ɓoye adireshi a 1991, Kalifoniya ta biyo baya da nata mai suna Safe at Home, kuma yanzu mafi yawan jihohi suna da irinsa, har da New York. Yadda yake aiki shi ne jiha ta ba wadda aka ci zarafinta wani adireshi na madadi, galibi akwatin gidan waya na wani ofishin gwamnati, ta riƙa rubuta shi a takardun hukuma, su kuma ma'aikatan shirin su karɓi wasiƙunta su tura mata inda take a ɓoye. Su ma gidajen mafaka da suke karɓar kuɗin tarayya doka ta hana a bayyana inda suke ba da izini ba. To, sai ga mace riƙe da katin jiha da ya ce adireshinta akwatin gidan waya ne, ga kuma takardar tarayya a gabanta tana cewa kada ta rubuta akwatin gidan waya. Wadda ba ta da mai yi mata jagora, abin da za ta fahimta shi ne sai ta rubuta na gaskiya ko ta haƙura da wayar.

Kuma ya kamata a ga inda ake cika wannan takarda. Sau da yawa ba a ofis ba ne. Ɗan tebur ne a bakin titi, kusa da ofishin tallafi ko tashar jirgin ƙasa, da laima da allon da aka rubuta "waya kyauta," wakilin kamfani yana riƙe da kwamfutar hannu, yana ɗaukar hoton katin shaidar mutum da katin tallafinsa, yana tambayar adireshi da ƙarfi saboda ƙarar motoci, mutane biyar ko shida suna tsaye a baya suna jiran layi ya zo kansu. A unguwar da 'yan Afirka ta Yamma suka taru, ba abin mamaki ba ne ɗaya daga cikin na bayan ya zama abokin sallar mijin.

Sauyi mafi girma ya zo ne da dokar Safe Connections Act, wadda Shugaba Biden ya sa wa hannu a Disambar 2022, FCC ta fitar da ƙa'idojinta a Nuwambar 2023, aka fara aiki da su a 2024. Don a gane amfaninta sai a san cewa a nan iyali sukan haɗa layukansu a asusu ɗaya, kuma mai asusun yana iya ganin lambobin da kowane layi ya kira, yana iya rufe layin, a wasu tsare-tsaren ma yana iya ganin inda wayar take. Wannan ya wuce abin da muka saba da shi a gida na miji ya saya wa matarsa layi ya riƙa sa mata kati. Dokar ta tilasta wa kamfani ya raba layin wadda aka ci zarafinta, da na yaran da suke hannunta, daga asusun mai cin zarafin cikin kwanakin aiki biyu, ba tare da tara ba kuma ba tare da neman amincewarsa ba, muddin ta kawo shaida irin rahoton 'yan sanda, ko umarnin kotu, ko rantsuwa a rubuce daga likita ko ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ko gidan mafaka. Ta kuma sa a daina nuna kiran da aka yi zuwa layukan agajin gaggawa na cin zarafi a cikin jerin kira da mai asusu yake gani.

Ta fuskar Lifeline, dokar ta ba wadda take cikin matsin kuɗi tallafin gaggawa na wata shida, da sharuɗɗa masu sauƙi, don an ɗaga iyakar kuɗin shiga zuwa kashi 200 cikin ɗari na ma'aunin talauci, kuma kasancewa a shirin WIC na mata da jarirai ko abincin makaranta na kyauta ya wadatar. Abin da ya fi muhimmanci ga maganarmu shi ne an yarda ta rubuta adireshin da ta zauna a ciki cikin wata shida da suka wuce, ba lallai sai na yanzu ba, kuma ta zaɓi hanyar da take son a tuntuɓe ta. Wannan zaɓi na biyu ba ƙaramin abu ba ne, domin idan ta rubuta tsohon gida kuma wasiƙa ta sauka can, mijin ne zai buɗe.

Na yaba da dokar, amma ina ganin ta tsaya a rabin hanya. Ƙofar shiga tallafin gaggawar ita ce shaidar cewa ta nemi a raba mata layi, wato an ɗauka tun farko tana da layi a asusu ɗaya da shi. Akwai matar da wayar mijin take ara idan ya dawo daga tuƙin tasi, akwai wadda ya fasa wayarta ko ya ƙwace, kuma waɗannan su ne aka fi tsarewa. Akwai kuma wadda ba ta da lambar Social Security saboda bai taɓa cika mata takardun zama ba, alhali dokar VAWA ta 1994, wato dokar yaƙi da cin zarafin mata, ta ba matar ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin damar nema wa kanta takardun ba da saninsa ba, kuma neman yana ɗaukar lokaci mai tsawo wanda a cikinsa ne ta fi bukatar waya. Sannan wata shida ba su isa shari'ar riƙon 'ya'ya ta ƙare ba, balle mai bibiya ya gaji. A ganina kamata ya yi duk wadda take riƙe da katin shirin ɓoye adireshi na jiharta ta ga gurbinsa a rubuce ƙarara a kan takardar, a harshen da za ta fahimta, kuma a koya wa wakilin bakin titi ya tambaye ta a hankali kafin ta faɗi komai.

A Najeriya ba mu da tallafin wata-wata irin wannan, don asusun wadata jama'a da sadarwa na USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa ya fi karkata ga kai hanyoyin sadarwa karkara. Amma tambayar ta iso gida ta wata ƙofa. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, wadda take ɗauke da hoto da adireshi, kuma a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi bayanan NIN na mutane a wani shafin intanet a kan naira 100, duk da cewa an yi dokar kare bayanai a 2023. Dokar VAPP ta 2015, mai hana cin zarafin mutane, ta tanadi umarnin kariya daga kotu, jihohi kuma suka riƙa amincewa da ita ɗaya bayan ɗaya. Sai dai yarinyar da ta bar Gusau ta koma Abuja ko Legas tana aiki ita kaɗai, matsayinta ya fi kusa da na matar Bronx fiye da na mai yaji, kuma masu tsara rajistar tallafi a gida ya dace su yi tunaninta tun yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarakar da ba ta bukatar kwamfuta. Mace za ta bi duk matakan nan, ta samu adireshin madadi, a raba mata layi, ta karɓi sabuwar lamba, sannan wata baiwar Allah ta sa ta a zauren WhatsApp na matan unguwa don kada a yi suna ba ta ji ba, lambar ta bayyana ga kowa. Ko wani dattijo ya kira ƙawarta ya ce, "'Yata, faɗa mini inda take, ni ne zan je da kaina, ba zan bari ya taɓa ta ba," ita kuma kunya ta hana ta musa wa babba. Niyyarsa sulhu ce, kuma sulhu alheri ne, amma ya zo da tsarin biko ƙasar da babu zauren da zai tare mai bikon, kuma idan akwai umarnin kotu na nesanta, kai saƙon mijin ma yana iya zama karya umarnin, wanda zai jawo wa mijin kamu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Limami ko shugaban ƙungiya da yake son shiga tsakani yana iya aika saƙonsa ta hannun lauyarta ko ma'aikaciyar gidan mafakar, ya bar mata zaɓin amsawa ko yin shiru, ba tare da ya san titin da take ba. Wanda kuma aka roƙa ya yi mata tafinta wajen cika takardar Lifeline, ya tambaye ta tun kafin a fara ko tana da katin jiha, ya nuna mata gurbin masu neman tallafi a matsayin waɗanda aka ci zarafinsu, ya tabbatar adireshin wasiƙa da lambar tuntuɓa ba na tsohon gida ba ne, kuma a cika ta a ɗakin ma'aikaciyar mafaka ko ta shafin shirin, ba a teburin bakin titi ba.