Zauren malam ya zama shago, ko sunansa babu a bango

A makon jiya na bi ta tsohuwar unguwarmu a Garwa ta ƙasar Kamaru, na tarar zauren da muka yi karatun allo a ciki ya zama shagon sayar da siminti. Malamin da ya zauna a wannan zaure, Allah ya jiƙansa, ya rubuta waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi da ajami, wasu da Hausa wasu da Fulatanci, kuma har gobe tsofaffin mata suna rera su lokacin Mauludi ba tare da sun san wanda ya tsara su ba. Ina tuna shi zaune a kan buzu, kurtun tawada a gefen gwiwarsa, yana fiƙe alƙalamin kara da 'yar wuƙa. Da na tambayi yaron shagon ko ya san mai gidan na farko, sai ya ce, "Baba, ni dai haka na tarar da wurin." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ga laifinsa ba, domin babu abin da aka bar masa da zai karanta.

A Landan, tun shekarar 1866 aka fito da tsarin manna allon tunawa a bangon gidajen da mashahuran mutane suka zauna, aka kafa na farko a 1867 a gidan da aka haifi mawaƙin nan Byron. Yau allunan sun haura 1,000. Ƙa'idarsu ita ce sai mutum ya cika shekara 20 da rasuwa, kuma sai ginin yana nan tsaye. Sharaɗin farko ya yi mini daidai, saboda yana hana a yi abin don neman fada. Na biyun kuwa bai dace da mu ba: gidajenmu na ƙasa ne, damina uku babu yaɓe sun zube, magada kuma su raba fili su sayar. Idan muka ce sai gini ya tsira, to ba mu da wanda za mu tuna. A ganina gurbin gidan ya kamata a yi wa alama, ko da siminti ake sayarwa a cikinsa.

Na san akwai masu tsoron kada abin ya zama girmama wuri irin wanda addini ya hana, kuma ban raina wannan tsoron ba. Sai dai wannan ba kabari ba ne, ba kuma wurin neman tubarraki ba. Suna ne da shekaru da aikin da mutum ya yi, a rubuta da ajami da boko da Faransanci, domin almajiri da ɗan makarantar gwamnati duka su iya karantawa.

Ba malaman zaure kaɗai muke mantawa ba. Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a Garwa a 1934, ya rasu a 2004, ya ƙarar da rayuwarsa yana bin fadojin lamidai yana rubuta tarihin bakin dattawa, amma ɗalibai nawa ne a garin nan za su iya faɗin ko wane ne shi?

Na koma wurin mai shagon da kansa, ya yarda ya ba da wuri a saman ƙofa. Abin da ya rage shi ne shekarar rasuwar malam, wadda jikokinsa suka yi mini alkawarin dubawa a cikin gafakarsa ranar Juma'a.