Bayanan mutane amana ne a hannunmu, ya ku masu rubuta manhaja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya aka kira ni in duba wata manhajar waya da wani matashi ya yi wa wata Hajiya mai riƙe wa matan kasuwa adashi, domin an wayi gari manhajar ta ƙi buɗewa, ga shi kwasa ta zo. Na same ta zaune a bakin shagonta da tsohon littafinta mai baƙin bango a kan cinya, tana ta juya shafukan da ta daina rubutu a cikinsu tun ranar da aka ce mata komai ya koma waya. Ta ce mini, "Ɗana, ni dai a nuna mini wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba." Da muka bincika sai muka tarar kuɗin hayar saba, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye bayanan manhajar a intanet, shi ne ya ƙare, kamfanin ya yi ta aiko da gargaɗi zuwa akwatin imel ɗin da yaron ba ya buɗewa, daga ƙarshe aka goge komai. Babu kwafin ajiya ko ɗaya, in ban da wani tsohon fayil na watannin baya da muka tono a kwamfutarsa.

Abin da na gani cikin wannan fayil ya fi ɓata mini rai fiye da gogewar kanta. Sunayen mata, lambobin wayarsu, lambobin BVN ɗinsu da kalmomin sirrinsu, duk ga su a jere a fili kamar an shanya gero a tabarma. Na ga wadda ta sa sunan ɗanta na fari a matsayin kalmar sirri, na ga wadda ta sa lamba huɗu da kowa zai iya zaton ita ce ta katin bankinta. Da na tambayi yaron dalilin da ya sa ya karɓi BVN alhali adashi ba ya bukatarsa, sai ya ce haka ya ga fom ɗin a bidiyon da ya koya.

Wannan sakaci da bayanan mutane shi ne ciwon da ke cinmu. Mun mayar da hankali kan fuskar manhaja, launi ya yi kyau, maɓalli ya yi sheƙi, a ɗauki hoto a sa a Facebook a sha yabo, amma rumbun bayanai, wanda shi ne cikin gida, mun bar shi ƙofa a buɗe. Mai ba da aiki ba ya ganin rumbun, ganin kitse yake yi wa rogo ya biya, shi ya sa nauyin ya rataya a wuyan wanda ya san abin da ke ciki. Wanda ya ba ka lambar wayarsa da ta asusunsa ajiya ya ba ka, kuma Allah zai tambaye ka ajiyar nan ko da mai ita bai taɓa sanin sunanka ba.

Ba sabon ilimi ake nema a wurinku ba. Hanyar dagula kalmar sirri ta yadda ko mai manhajar ba zai iya karanta ta ba, irin su bcrypt, tana nan tun 1999, kuma layi biyu ko uku ne a kowane yaren rubuta manhaja da kuke amfani da shi. Dabarar da masu kutse ke cusa umarnin SQL, wato yaren da ake magana da rumbun bayanai da shi, ta cikin akwatin rubuta suna an bayyana ta tun 1998. Da ita aka fasa kamfanin RockYou na Amurka a 2009, aka kwashe kalmomin sirri miliyan 32 da aka ajiye a fili, kuma har yau wannan jerin ne ɓarayi ke gwadawa a kan asusun jama'a. A 2017 kamfanin Equifax na Amurka, mai ajiye bayanan bashin mutane, ya yi jinkirin sa gyaran da aka fitar wa Apache Struts, manhajar da aka gina shafinsa a kanta, tun watan Maris, bayanan mutum wajen miliyan 147 suka fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa da hannunmu muke tsaga bangon: a bar rumbun bayanai na Firebase a yanayin gwaji kowa ya karanta kowa ya rubuta, a tura mabuɗin sirri zuwa GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, tare da sauran aiki, a bar wa asusun shugaba kalmar sirrin da aka zo da ita.

Maganar kwafin ajiya kuwa, ku tuna abin da ya sami GitLab, wani kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja aikinsu, ranar 31 ga Janairun 2017, lokacin da wani injiniyansu da ya gaji da aikin dare ya goge rumbun da ake aiki da shi bisa kuskure, kusan gigabayit 300 suka tafi. Suna da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka je ɗaukowa sai aka tarar ba su aiki yadda aka zata, abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan. Idan gemun ƙwararru irin waɗannan ya kama da wuta, kai da ke aiki kai kaɗai a kan kwamfutar da batirinta ya mutu me kake jira ba ka shafa wa naka ruwa ba? Kwafin da ba ka taɓa gwada dawo da shi ba, ba ka da tabbacin kana da shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma masu tattara abin da ba su da bukata. Manhajar sayar da atamfa tana neman izinin shiga lambobin da ke waya da hotuna da inda mutum yake, don me? Duk mun ga yadda manhajojin bashi suka riƙa aika wa dangi da surukan mutum saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta shiga maganar a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna a 2023. Wasu ne irinmu suka zauna suka rubuta wannan aika-aika don albashi. Dokar kare bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, amma nawa ne a cikinmu suka taɓa buɗe ta?

Abin takaici, yaro zai yi kwas na wata uku ya rubuta "babban injiniya" a gaban sunansa, ya kwafo aiki daga ChatGPT ya liƙa ba tare da ya karanta ba, idan an yi masa gyara ya ce hassada ce. Su ma masu ba da aiki da ke son manhajar banki a kan kuɗin buhun shinkafa suna da nasu alhakin. Mu koma mu koyi tushe, mu riƙa nuna wa na gaba da mu aikinmu kafin mu miƙa shi, mu ji tsoron Allah a inda babu mai ganinmu.

Waɗanda suka koya mana aikin nan a zamanin da ake sayen intanet da awa a kafe ba su da rabin kayan da muke da su, amma ba sa tashi daga ofis ranar Juma'a sai sun kwafe aiki a faifai biyu, ɗaya a kulle a durowa, ɗaya a tafi da shi gida. Kafin su, fatake sukan bar wa maigida dukiya a Kano su tafi Gwanja, su dawo bayan shekara su tarar ko wuri ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ban san inda muka yar da wannan hali ba.

Kwana uku Hajiya ta yi tana bin mata rumfa rumfa, tana tambayar kowacce nawa ta zuba, wasu suna nuna saƙon banki, wasu sai rantsuwa. Giɓin da ya rage daga jarinta ta cike shi, ta kuma sayi sabon littafi da biro biyu.