Hidimar Sallah da mai ciwon suga a gida

Yawancin abin da ke hargitsa sugan mutane lokacin Sallah a Kano, kunya ce ke jawo shi. Mutum ya yi wata da watanni yana kiyayewa, ranar Sallah ya shiga gida biyar gaisuwa, ko'ina a dire masa lemo da cincin da dubulan, shi kuma ba zai iya mayar da hannun kyauta baya ba. A ganina nauyin yana kan masu gida kafin baƙo. In kun san Baba ko Gwaggo na fama da suga, ku tanadi ruwa, ko zoɓon da aka ɗiba kafin a zuba sukari, da ɗan nama da gyaɗa. Don Allah a daina cewa "ai yau Sallah ce, ɗaya ba ta komai."

Abin sha ya fi komai ɓarna, domin yana shiga jini da sauri kuma ba ya ƙosarwa. Kwalbar Coke mai 35cl tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, robar 50cl kuwa kusan 13. Maltina da ake kai wa marar lafiya ita ma cike take da sukari. Kunun ayan da aka markaɗa da dabino, da furar da aka zuba wa zuma, duk jirgi ɗaya ya kwaso su, don zuma da dabino suna ɗaga suga.

Wajen abinci, a raba faranti: rabi ganye, kamar kabeji, alayyahu ko kwaɗon zogale, kwata nama ko kifi, kwata tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. A zaɓi ɗaya tsakanin waina, funkaso da tuwo a zama guda. Alkaki da nakiya in an matsu, ɗan gutsure bayan cin abinci, ba da yunwa ba. Naman layya ba ya ɗaga suga kai tsaye, amma kitse da gishirin soyayyen nama ba su yi wa mai hawan jini daɗi, kuma da yawa cikin masu suga suna da shi.

Inda na fi so a tsaya shi ne safiyar Idi. A Babbar Sallah ana son mutum ya jinkirta ci sai an sauko. Wanda ke shan glibenclamide, wato Daonil, ko yake allurar insulin, in ya yi maganinsa da asuba ya taka zuwa filin Idi na Ƙofar Mata ciki ba komai, suga na iya faɗuwa yana cikin sahu. Waɗannan magunguna tare da abinci suke tafiya. Ya karya kafin ya fita, ko ya tambayi likitansa tun kafin ranar yadda zai matsar da lokacin. A Ƙaramar Sallah matsalar daban ce: an sauya wa mutum tsarin magani saboda azumi, an sha ruwa, shi kuma ya ci gaba da tsarin azumin alhali ya koma ci sau uku. Ranar Sallah ake komawa tsohon tsari, yadda likita ya tsara.

Alamar faɗuwar suga ita ce karkarwa, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani da ruɗewa, awon suga a na'ura kuma ƙasa da 70 (a ma'aunin mg/dL). Nan take a ba shi sukari cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa, ko rabin kofin lemo, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Duk mai zuwa kallon Hawan Daushe ya sa alewa da gorar ruwa a aljihu.

A riƙa aunawa da safe da kuma awa 2 bayan babban abinci. Ga yawancin manya ana son 80 zuwa 130 kafin ci, ƙasa da 180 bayansa. A sayi magani da tsinken awo kafin hutu, tunda ranakun ganin likita na tsayawa. Insulin ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, ba ta son daskarewa, saboda haka kada a bar ta a mota. In babu wuta, a ɗaure ta a leda a ajiye jikin randa.

Sai ƙafa. Sabon takalmin Sallah na yi wa mutum kanta bai ji ba, saboda suga na kashe jijiyoyin ji. A fara sa shi kwanaki kafin Sallah, da safa, kada a taka ƙasa mai zafi ba takalmi, a duba tsakanin yatsu kowane dare.

In awo ya haura 300 ya ƙi sauka, ga amai, ƙishirwa da yawan fitsari, ko numfashi ya sauya, kada a jira hutu ya ƙare, kada a tsaya jiƙa shuwaka. Sashen gaggawa na Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano suna aiki har ranar Sallah.