Ni da Sabon Gidan Sauro

Matar da ta miƙo min shi a wurin rabo sai da ta maimaita sau biyu: "Malam, a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a shiga, akwai magani a jiki." Na ce to. Amma ni da na gama haɗiyar Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, a makon nan, huɗu safe huɗu dare har kwana uku, wa zai sa in ƙara ba sauro kwana guda kyauta? Da daren na farke leda, na ɗaura, na shige, har ina yi wa uwargida tsiya don ta ƙi bina.

Ƙarfe biyun dare fuskata ta kama da wuta, kamar an daka attaruhu an shafa min. Ashe a barci na manna kumatuna da ragar. Na wanke da ruwa, ya ƙaru. Uwargida, tana danne dariya, ta lafta min man kaɗanya, na fita sallar asuba ina ƙyalli kamar sabon ƙosai.

An ɗauke wuta, na ce Allah ya rufa asiri. Ana sallamewa Baba mai faci ya dalle ni da tocila. Bai sauke ba. Ya matso, ya karkata kai, ya ce, "Subhanallahi, ɗana, zuma ce ko mutanen gida?" Sahu biyu suka juyo. Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗarsa na rawa. Na ce gidan sauro ne. Wani daga baya ya ce, "To ai gara sauron."

Shi Baban kuwa, shi ya kamata ya yi shiru. Tsofaffin tayoyinsa sun fi ashirin a jikin katangata, kowace cike da ruwan damina, tsutsotsin sauro na iyo a ciki kamar an biya musu haya. Kwana goma sun isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Tun watan Yuli nake roƙonsa ya kife su ko ya huda, kullum sai ya ce jarinsa ne. Ni kuma ga abin da jarin ya jawo min.

Ragar dai ta yini ta kwana a inuwar zaure. Uwargida ce a ciki yanzu, ita da yara. Tayoyin suna nan, jiya ma an kawo masa uku.