Ba duk ƙananan garuruwan Amurka ne na fararen fata zalla ba

Yana damuna yadda ake ɗauka cewa baƙi 'yan ƙasashen waje a Amurka manyan birane kawai suke zama, ƙananan garuruwa kuwa na fararen fata ne zalla. Zaton yana da tushe, domin haka yawancin karkarar tsakiyar ƙasar take. Sai dai aiki ne ke jan mutane.

Ga Postville a arewa maso gabashin jihar Iowa, mai mutum 2,503 a ƙidayar 2020. A 1987 wasu Yahudawa daga New York suka kafa mayanka a garin. Fiɗa da sarrafa nama na buƙatar ma'aikata da yawa, 'yan gari ba su isa ba, sai ma'aikata suka zo daga Meziko da Gwatamala, daga baya har Somaliya. Zuwa 2010, kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna garin 'yan asalin Latin Amurka ne.